Ayari na Uku a Mashigin Dalma

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da cewa an yi wani Sarki a Birnin Dalma, ana ce masa Sarki Jatau, wanda ƙarar fatake ta gajiyar da shi. Kogi ne a gabas da birnin, jirgin fito kuwa ɗaya tak, kullum ana rigima a kan wanda ya riga isowa. Sai Sarki ya yi umarni a riƙa tara ayari goma, a ba kowanne lamba yadda ya iso, amma a ƙetare da su haka: na bakwai, na biyar, na biyu, na ɗaya, na goma, na huɗu, na shida, na takwas, na tara, sannan na uku. Ya ce duk wanda ya gane dalilin wannan jeri, ya zo fada ya faɗi bukatarsa.

Akwai wani dattijon farke mai suna Mantau, mai fataucin goro. Shi ya iso na uku. Ya zauna a bakin ruwa yana kwance huhun goro, yana yayyafa ruwa, yana tsince wanda ya lalace, masu gishiri da kanwa suna ta wuce shi. Da ya ga ganyen huhun ya soma bushewa, ya ɗauki sandarsa ya nufi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Waziri ya ce, "Baba, in kuka ka kawo, an daina karɓa."

Mantau ya ce, "Amsa na kawo, Waziri, kukan yana biye da ita. Allah ya ja zamanin Sarki, ba ƙidaya aka bi ba, jerin haruffan sunayen lambobin aka bi."

Sarki ya ce, "Haka ne. Harafi bai san ɗan kowa ba, ba a kuma kai masa toshiyar baki. Ina laifin?"

Mantau ya ce, "An ce wani attajiri ya sa a gina masa soro, ya ce sahun tubali na bakwai za a fara ɗorawa. Magini ya riƙe tubali a sama har hannunsa ya gaji, ya sake. Attajiri ya ce bai iya aiki ba, ya kore shi, ya kira wani. Haka ya yi ta sauya magina har ya mutu yana kwana a rumfa."

Waziri ya ce, "Wato mu ne attajirin?"

"Ban faɗa ba. Amma a aika bayan dutsen da ke kan hanyar mashigi a duba. Madugai suna can sun sauke kaya, suna ƙirga masu wucewa, kowa na jira ya zama na bakwai. Ba mai yarda ya zo na uku sai wanda kayansa ba sa iya jira."

Sarki ya ce, "Gajiya na yi da rigimarku, Mantau."

"Mu ma mun gaji, ranka ya daɗe. Sai dai kai in ka gaji hutawa kake yi. Goro in ya gaji zubar da shi ake yi."

Sarki ya yi umarni daga ranar a fara ƙetare da kayan da ke lalacewa, saura su bi yadda suka iso. Ya sa wa Mantau riga, ya damƙa masa kula da mashigin. Mantau ya yi godiya, ya koma bakin ruwa, ya zubar da rabin goronsa, ya ƙetare da rabi.

Masu ruwaya suka ce, dokar da mai mulki ya yi don ya huta, a bincika, akwai wanda ke ɗauke da gajiyar a madadinsa. Nan labarin ya tsaya, Allah ne mafi sani.