Dashen Kukar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Baba Malam.

A wani gari da na taɓa kwana, sunansa ya shige mini, Bushiya ta dasa 'yar kuka a bakin rijiya da ƙarshen damina. Gizo kuwa ya daɗe yana kwaɗayin wurin don shuka kabewa. Suka je gaban Kunkuru, mai unguwa. Ya ce, "Mai itace shi ke da wuri. In dashen ya kai bazara da rai, na Bushiya ne. In ya mutu, Gizo ya ɗauka."

Da hunturu ya shigo, Gizo ya je wurin Akuya ya ce, "Akwai ɗanyen ganye a bakin rijiya." Akuya ta zo da gudu. Bushiya ta dunƙule a gindin dashen, Akuya ta kai baki ta sha ƙaya.

"Gwaggo, wane irin shinge ne wannan mai numfashi?" in ji Akuya.

"Irin na gidanmu," in ji Bushiya.

Gizo ya koma ya kira Gara. Bushiya ta kwaso tokar murhu ta zagaye gindin da ita. Gara ta sunsuna ta juya.

Sai Gizo ya zo da kansa, da igiya a hannu. "Gwaggo, sanyin nan ya yi yawa. Bari in ɗaure miki dashen tamau."

"Ɗan nan, a wuya kake sa wa ɗanka zani?" Ta karɓi igiyar, ta jera kara ta gefen da iska ke bugowa, ta ɗaure sako-sako, kullum da hantsi tana ba shi ruwa.

Duk da haka ganyen ya zube tas. Gizo ya jawo mai unguwa yana rawa. "Ranka ya daɗe, ga sanda nan a tsaye!"

Bushiya ta matso kusa da dashen. Ta sa farce ta ɗan kankare ɓawon. Sai ga kore shar, da danshinsa.

"Barci yake yi," ta ce, ta ɗaga kai. "Ku rage murya."

Da bazara dashen ya toho, wuri ya zama nata. An ce jikokinta har yau ba sa roƙon kukar miya.

To, yara, abin da ka tsare a lokacin sanyi, shi zai yi maka inuwa a lokacin zafi.

Ƙungurus kan kusu, nan tawa ta tsaya.