Haƙoran Gwadabe da Haƙurin Yelwa

Akwai wani dillalin shanu a Kara, kasuwar shanun Wudil, mai suna Gwadabe, mutum mai barkwanci wanda tun daga nesa ake jin dariyarsa. Wata Juma'a wani bijimi ya kai masa tunkuyi a baki, haƙoransa biyu na gaba suka zube. Daga ranar Gwadabe ya daina dariya. Ko ciniki zai yi, sai ya kare baki da hannun riga.

Shekarun nan ne da man fetur ya yi tsada, albashin ma'aikata ya gyaru. 'Yarsa Murja, malamar makaranta, ta kai shi wajen wata likitar haƙori a Kano. Likita ta duba hoton ƙashinsa ta ce, "Baba, za mu dasa maka ƙusar ƙarfe mu ɗora haƙori a kai. Amma ƙashin wurin ya zaizaye. Zan zuba garin ƙashi a gefen ƙusar, in lulluɓe da wata siririyar fata. Dasashi ya fi ƙashi saurin tsiro, in ba a tare shi ba zai cike gurbin."

"Wato shingen da ake yi wa dashen mangwaro saboda awaki," in ji Gwadabe.

"Ka gane. Sai dai wata shida ba goro, ba taunar abu mai tauri."

Aka yi aikin. Matarsa Yelwa ta ɗaura ɗamarar jinya: kunun gyaɗa, faten wake, kifin gadar Wudil da ta zare wa ƙaya ɗaya bayan ɗaya. A wata na uku haƙurinsa ya ƙare. Ya ture kwanon fate ya daka mata tsawa. "Ni jariri ne? Ku kuna cin nama, ni kullum ruwa-ruwa!" Yelwa ta kwashe abin da ya zube.

Ya fita zai sayi goro, Murja ta tare shi a zaure. "Baba, tun ranar aikin nan Inna ba ta sa nama ko goro a baki ba. Abin da ka ci shi take ci. Ta ce ba za ta tauna kana kallo ba."

Gwadabe ya san shekara talatin Yelwa ba ta wuni ba goro. Ya koma ciki ya same ta a gindin murhu, ya durƙusa.

"Uwar Murja, ki yafe mini."

"Haba Malam, tashi kar yara su gani. Akwai sauran faten, in ɗumama?"

Ya zauna ya cinye tas.

Da wata shida suka cika, likita ta ɗaga sabon hoto ta nuna masa ƙashi ya tsiro ya rungume ƙusar. Ta ɗora haƙoran, ta miƙa masa madubi. Gwadabe ya yi dariya har da ƙwalla.

"Baba, ka yi haƙuri sosai," in ji likita.

Ya girgiza kai ya nuna Yelwa da ke zaune a bakin ƙofa. "Likita, ba nawa ba ne. Aro na yi a wajen waccan."

Darasi: Ƙashi ba ya tsiro da gaggawa, kuma sau da yawa mai jinya ya fi mara lafiyan shan wuya a ɓoye. Ka duba wanda ke haƙuri dominka ka gode masa tun yana ji. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.