Kwalabe Goma Sha Biyu Bisa Kan Tsohuwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda Ya yanke wa kowane abu lokacinsa, tsira da aminci su tabbata ga Manzon da ya koya mana natsuwa.

Bayan haka, na san wani mai soya gahawa, gwani a sana'arsa, amma Allah Ya jarrabce shi da gaggawa, har abokan ciniki suka laƙaba masa Yanzu-yanzu. Matarsa ce ke ƙulla kaya, a wurin mahaifinta ta koyi aikin. Ta sha gaya masa cewa ƙwayar gahawa in ta sauka daga wuta tana kwanaki tana fitar da iska. Sai an bar ta ta huce, sannan a zuba ta a jaka mai ɗan huji da ke fitar da iska ba ya shigar da ita, a ajiye inda rana da laima ba sa kaiwa.

Wata safiya wani mai otal ya aiko yana son ganin kaya kafin azahar. Yanzu-yanzu ya ce jaka ba ta da kwarjini. Ya cika siraran kwalabe goma sha uku da ƙwaya da zafinta, ya murɗe murafunsu tam, ya jera goma sha biyu bisa wata kanta a bakin tagar shagonsa, inda rana ke duka. A ƙarƙashin kantar nan mahaifiyarsa ke zama tana tasbihi, ga shi ji ya yi mata nauyi.

Matar ta ce, "Maigida, ka toshe wa mai numfashi hanci."

Ya ce, "Ke da babanki kun mai da gahawa jinjiri." Ya ɗauki kwalba guda, ya shiga mota.

Yana tsaye cikin cunkoso, rana na dukan kujerar gefensa, sai kwalbar ta fashe, gilashi ya kafe a jikin ƙofa. Nan take ya tuna da goma sha biyun, da wadda ke zaune ƙarƙashinsu. Ya kira matarsa, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka. Ya bar motar a tsakiyar titi, ya sheƙa da gudu, bakinsa ya kasa haɗa salati.

Ya tarar da shago a buɗe, ƙwaya warwatse, tsinin gilashi ya soke matashin kujerar mahaifiyarsa, carbi a ƙasa, ga jini ɗis-ɗis har bakin ƙofar ciki. Ya kasa kiran sunan kowa, don tsoron kada a ƙi amsawa.

Sai ya ji tarin tsohuwa. Ashe matar ta ga murafun sun kumbura, ta lulluɓe surukarta da bargo ta janye ta, kwalaben suka fashe, gilashin ya tsaga nata hannun.

Tsohuwa na ɗaure mata raunin, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Wata tara na ɗauke ka, ban taɓa cewa yanzu-yanzu ba. Kai ka kasa yi wa ƙwaya haƙurin kwana uku."

Ya kai mai karatu, ka sani kowace sana'a tana da haddi, kuma wanda ya raina ilimi don daga bakin na ƙasa da shi ya fito, sau da yawa wani ke ɗaukar raunin. Gaggawa aikin Shaiɗan ce. Allah Ya azurta marubuci da mai karatu da haƙuri, Ya tsare mana iyayenmu daga sharrin hannuwanmu. Amin.