Mai Tsaron Ƙofar Ruwa ta Bakwai

An ce wani sarki yana mulkin garuruwa bakwai da ke shan ruwan kogi ɗaya ta magudana. Kowane rani sai an fasa kawuna kan rabon ruwa, don masu tsaron ƙofofin magudanar kowa danginsa yake fifitawa. Da abin ya ishi sarki, ya danƙa gyaransa a hannun wazirinsa Lurwanu, mutumin da ya fi son tsari a kan tuwon gidansa.

Waziri ya tara maƙera da masassaƙa. A bakin kowane gari aka kafa ƙofar katako, aka ɗora gora a kan ruwa ɗaure da igiya. In ruwa ya ja baya, gorar ta sauka, igiyar ta kaɗa ƙararrawa, makaɗa su miƙa labari da ganga har fada. Sa'an nan ya kasa mutane da kayan aiki gida uku: masu gani, su ne gorunan, masu faɗa, su ne ƙararrawa da makaɗa, masu yi, su ne ƙofofi da masu tsaronsu. Aka yi doka cewa mai tsaron da ya taɓa ƙofa ba da izinin ganga ba, ko ya bar wurinsa, a bakin ransa. Sarki ya duba zanen ya yi masa kyau ƙwarai, ya sa hatimi.

Akwai wani tsoho, Barmo, da ya shekara talatin yana bin gaɓar magudana da sandarsa, ya gaisa da manoma, ya kai wa fada abin da ya gani. Waziri ya juya takardarsa hagu da dama, bai sami gidan da zai sa shi ba. Aka ba shi riga aka sallame shi.

Shekara biyu ba a ji kan kowa ba, sarki har ya yi ƙiba. A ta uku yashi ya toshe magudana daf da ƙofar gari na bakwai. Ruwa ya taru cike a ƙarƙashin gora, garin kuwa ko ɗigo. Mutanen suka aiko fada sau biyu, aka ce musu ƙararrawa ba ta buga ba, su rage haɗama. Suka koma shan kududdufi, ciwon ciki ya shiga gari, aka binne mutum arba'in, yawancinsu yara.

Da labari ya kai fada, sarki ya hau da kansa ya je garin. Da ya ga jerin ƙananan kaburbura sai hawaye suka zubo masa, baƙin cikin kuma ya koma fushi. Ya sa aka ɗaure mai tsaron ƙofar, Nomau, wanda da ya ɗage ƙofa gaba ɗaya da ƙarfin ruwa ya share yashin. Ya ce a kashe shi.

Sai Barmo ya ratso taron, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi izinin tambaya.

"Ya sarki, gorar nan ta yi ƙarya?"

Sarki ya ce a'a, ruwa ta gani a ƙarƙashinta.

"Ƙararrawa fa?"

Sarki ya ce ba a ja ta ba, da me za ta buga.

"To shi wannan, wace doka ya karya?"

Sarki ya waiwayi waziri, waziri ya shiga gyaran rawani.

Barmo ya ce, "Ya sarki, kowa ya riƙe amanar gidan da aka sa shi, ga kuma kaburbura. Ka ba gora gani, ba ta san ƙishirwa ba. Mai sanin ƙishirwa ka ba shi hannu, ka hana shi baki. Tambaye shi ina 'yarsa Tasalla."

Nomau ya ɗaga hannunsa da ke ɗaure, ya nuna kabari na uku daga gefen hanya. Ya ce daga bakin ƙofar ya hango ana binne ta, bai je ba, don doka ta ce kada ya bar wurinsa.

Sarki ya zauna a ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba. Ya kwance igiyar da hannunsa, ya roƙi Nomau gafara. Nomau ya ce ya yafe, ya nemi abu ɗaya, a bar shi ya je kabarin.

Sarki ya bi shi da kallo har ya durƙusa a wurin, sa'an nan ya ce wa waziri, "Rubuta. Duk tsarin da umarni ke sauka a cikinsa amma kuka ba ya hawa, zalunci ne, ko da mai adalci ya zana shi."