Hannun da Ya Huda Ganuwa

A zamanin da, tun ana auna ƙarfin gari da kaurin ganuwarsa, an yi wani Sarki mai suna Arzika a wani birni mai ƙofa bakwai. Allah ya ba shi dawaki, ya ba shi hatsi, ya ba shi talakawa masu biyayya, sa'an nan ya jarrabe shi da abu guda. Damina uku a jere ganuwar gabas tana zubewa, kullum kuma a wuri ɗaya. Da rani a yi gayya a gina, a yaɓe, a yi sauka, a yanka sa. Ruwa na yin nisa sai a ji rugum, ta zauna. Ga shi kuwa mahara ba su fitowa sai da kaka, daidai lokacin da garin ke buɗe kamar gidan da ba kyaure.

Da damina ta huɗu ta kama, Sarki ya kasa zaune ya kasa tsaye. Hadari na haɗuwa sai ya sauko daga karaga ya yi ta safa da marwa a zauren fada. Kyauren zauren nan kuma yana da wata muguwar ɗabi'a: in an tura shi sai ya ja ƙasa ya yi ƙara, duk ƙarar da ya yi kuwa Sarki sai ya zabura, yana tsammani ganuwa ce ta tafi. Fadawa ɗari ke wucewa ta ƙofar nan kullum, ba wanda ya taɓa durƙusawa ya duba abin da ke damunta.

Sarki ya tara manyan gari ya nemi shawara. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce a kirawo magina daga wata ƙasa. Sai Waziri Jatau ya gyara zama. Shi mutum ne da Allah ya yi wa baiwar baki, in ya fara magana har kuturu sai ya ji kamar ya tafa.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba aljani ba ne, ba kuma laifin magina ba ne. Talakawan da ke gindin ganuwa su ne ke yagar ƙasarta suna yaɓe ɗakunansu. A tsorata su, ganuwa ta tsaya."

Sarki ya ji maganar ta hau, don mai ruɗewa kowace magana mai kyan tsari hawa take yi masa. Ya sa sankira ya zaga gari da shela: duk wanda ya sa ƙarfe a jikin ganuwa, hannun da ya riƙe ƙarfen za a yanke.

To, a gindin ganuwar gabas ɗin akwai wani mai haƙar rijiya ana ce da shi Makau. Ni dai na tabbata in aka tara maganar da yake yi a shekara, ba za ta kai gaisuwar Waziri ta safe ɗaya ba. Ba girman kai ba ne, ba kuma tsoro ba, don mutumin nan yana shiga rijiya gaba talatin yana fito. Taro ne kawai ke gajiyar da shi fiye da haƙa. In aka matsa masa ya je biki, za ka same shi can gefe ya kifa kujerar masu gida yana gyara mata ƙafa. Ba ya iya ganin abu ya lalace ya wuce, ba ya kuma iya tsayawa ya yi bayanin abin da zai yi. Matarsa Tabawa ita ke magana a madadinsu su biyu, kuma ba ta taɓa kawo kuka cewa aikin ya yi mata yawa ba.

Ranar shela Makau yana cikin rijiya, sai da ya komo gida Tabawa ta zayyana masa. Ya ce, "To."

Bayan kwana uku aka kwana ana ruwa. Da safe Tabawa ta fito ta tarar da shi a gindin ganuwa, ya dafa tafin hannu a jikinta, ya kara kunne, ya ɗebo ƙasar ƙasa ya murza ya shinshina.

Ta ce, "Malam, me kake nema a jikin abin da aka ce kada a taɓa?"

Ya ce, "Ta sha ruwa. Sauran ruwa biyu ta faɗo."

"Ta faɗo kan wa? Kanmu ke nan, da gidajen maƙwabta! To ka je fada ka faɗa mana!"

Makau ya shiga lissafi a ransa. Zuwa fada sai ya bi ta wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi ga Sarkin Magina, shi kuma ya kai shi ga Waziri, kowanne da gaisuwarsa da jiransa da "komo gobe." Kwana bakwai ke nan na surutu. Haƙa kuwa rabin yini ce. Ya dubi gabas, ya ga sama ta fara haɗa rai. Sai ya shiga ɗaki ya ɗauko dagi.

Tabawa ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Hannunka fa suka ce, Malam, hannunka!"

Ya saɓa dagi ya nufi ganuwa. Da safiyar nan, a gaban kowa, ya durƙusa ya kama huda ganuwar Sarki. Kafin hantsi ya dubi ludayi, wani baƙin ruwa mai ɗoyi ya fara tsattsafowa daga ramin. A nan dogarai suka rutsa shi. Da suka riƙe shi, abin da ya ce musu kawai shi ne su ɗan dakata ya ƙarasa.

Aka gurfanar da shi a fada, hannuwa ɗaure, laka har gwiwa. Waziri ya karɓi tambaya.

"Kai ka huda ganuwa?"

"Ni ne."

"Ka ji shelar Sarki?"

"Na ji."

"Wa ya aiko ka? Mahara?"

"Ba kowa."

"Kana da abin cewa kafin a zartar da hukunci?"

Makau ya ce, "Ramin bai ƙare ba."

Fada ta kaure. Dogarai suka yi ta tsawa suna cewa ya yi hattara. Sarki ya miƙe tsaye, ransa a ɓace, ya ce a kirawo hauni, mai zartar da hukuncin yanka. Daga bakin ƙofa aka jiyo muryar Tabawa tana kuka tana cewa, "Allah ya ja zamaninka, wallahi ba mugu ba ne, bakinsa ne ba ya aiki!"

A cikin fada akwai wani tsohon malami, Malam Cindo, wanda Makau ya taɓa yashe wa rijiya ya tafi ba tare da ya tsaya an gode masa ba. Tsohon ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

Ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, tambaya huɗu aka yi masa, duk a kan kansa. Irin mutanen nan ba su iya kare kansu ba, in ka tsare su da tuhuma sai su ƙara ƙulle baki. Amma ba wanda ya tambaye shi a kan ganuwa. A gwada."

Sarki ya dubi Makau ya ce, "Kai, me ke ka da ganuwata?"

Makau ya ɗago kai a karo na farko. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan bargar Waziri."

Da ƙyar, da jan baki, Malam Cindo ya fizgo sauran maganar daga bakinsa. Ashe da can akwai wani kududdufi a unguwar gabas inda ruwan unguwa ke taruwa. Mutanen farko sun shimfiɗa masa magudana ta duwatsu a ƙarƙashin ƙasa, wadda ke fid da rarar ruwa bayan gari ta ƙarƙashin ganuwa. Shekara huɗu da suka wuce Waziri ya cike kududdufin ya gina bargar dawakinsa a kai, masu yaɓe kuma suka toshe bakin magudanar ba su san ko mene ne ba. Yanzu duk ruwan unguwa sai ya faɗa cikinta, ya je gindin ganuwa ya rasa hanya, ya kwanta yana cinta. Makau ya ci karo da magudanar ne yana haƙa wata rijiya da rani.

Waziri ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tsakanin bargata da ganuwa gida arba'in ne. In ma ruwa ya fito daga ramin nan, da me za a gane nawa ne? Rawanina yake ɗaurawa?"

Makau ya ce, "A rina shi."

Sarki ya tsaya cak. Ya ce, "An ba ka zuwa kiran la'asar. In shuɗi ya fito daga raminka, hannunka naka ne. In ladan ya riga shi, na hauni ne."

Aka aika marina aka ɗebo tulu arba'in na ruwan baba, aka tuttule a wani lungu na bargar Waziri inda Makau ya ce ruwa ke nutsewa, aka bi da tulu arba'in na ruwan rijiya. Sarki da kansa ya taka zuwa gindin ganuwa, gari duka ya biyo shi. Aka zaunar da Makau gaban ramin. Hauni ya tsaya a bayansa yana gwada kaifin wuƙa a babban yatsa.

Aka yi azahar, ba komai. Baƙin ruwan nan dai ke ɗiga, ɗis, ɗis. Hadari ya taso ya rufe gabas, iska ta fara kaɗa riguna. Sarki ya je ya dawo, ya je ya dawo, har ya yi hanya a cikin laka. Muryar Waziri, wadda ta ɗan mutu, ta farfaɗo, ya shiga ba na kusa da shi labarin yadda tun farko ya gane mutumin nan. Tabawa ta daina kuka, ta zuba wa ladan ido, ta ga ya fara nannaɗe hannun riga zai yi alwala.

A nan ne tsoro ya kama Makau, tsoron da rijiya ba ta taɓa ba shi ba. Ya dubi hannunsa na dama a cikin igiya. Ba zafin wuƙa ya tuna ba. Ya tuna cewa da hannun nan yake gaisuwa, da shi yake ta'aziyya, da shi yake gaya wa Tabawa abin da bakinsa ya kasa, ranar da ya sassaƙa mata turmi daidai tsawonta don kada bayanta ya riƙa ciwo. In aka cire shi, ba sauran hanyar da zai yi wa kowa magana a duniya.

Ya ce, "Na ce bai ƙare ba. A kwance ni."

Waziri ya yi caraf ya ce, "Zai sake taɓa ganuwa, ranka ya daɗe!"

Sarki ya ce, "Hannun da za a yanke, a bar shi ya yi aikinsa na ƙarshe."

Aka kwance shi. Ya kwanta rub da ciki a cikin laka, ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa, ba ya ko tunanin maciji. Ya lalubo, ya ja. Tattakar barga ta fito, ruɓaɓɓiya. Ya sake zurawa, ya fito da kashin doki da saiwoyi. Ladan ya hau tudu ya sa yatsa a kunne. Makau ya cije leɓe, ya tokare ƙafa da ganuwa, ya fizgo wani abu da dukan ƙarfinsa. Guntun ragamar doki ne da tsummoki suka nannaɗe shi. A bayansa ruwa ya yi tsartuwa ya feso, shuɗi shar, ya wanke masa fuska, ya malala har kan takalman Waziri. Sa'an nan aka ji ladan ya ɗaga murya.

Makau ya tashi zaune yana duban hannunsa, ya rine tun daga yatsu har kafaɗa. Tabawa ta rangaɗa guɗa, hauni ya mayar da wuƙa kube. Ba a kai ga fada ba sama ta ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka kwana ana yi, magudana tana aman ruwa bayan gari, ganuwa kuwa ko gezau.

Washegari Sarki ya zauna a karaga, zaman da ya daɗe bai yi irinsa ba. Ya yanke cewa Waziri ya rushe bargarsa ya mayar da kududdufi yadda yake, kuma kwandon ƙasa na farko a kansa za a ɗora. Ya soke shelar yanke hannu, ya ce shi ma ya yi gaggawa. Sa'an nan ya juya ga Makau.

"Kai ma ba ka fita ba. Tun rani ka san wannan, me ya hana ka faɗa?"

"Ba a tambaye ni ba, ranka ya daɗe."

"Ai kuwa shirun nan naka saura ƙiris ya ci hannunka, ya ci gidajen maƙwabtanka. Daga yau in ka ga ɓarna, ka faɗa kafin ka taɓa. In bakinka ya ƙi, ka turo baiwar Allahn nan matarka, ƙofata a buɗe take gare ta. Yanzu faɗi ladanka. Na ba ka rawanin Sarkin Magina, ka riƙa zaman fada kullum safiya."

Fuskar Makau ta canza fiye da yadda ta yi a gaban hauni. Tabawa ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamaninka, a yi masa rai. Zaman fada kashe shi zai yi."

Sarki ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "To me yake so?"

Ashe tun shigowarsa idon Makau ba ya kan Sarki, yana kan kyauren zaure. Hannunsa mai shuɗi sai motsi yake a kan gwiwa, ya ɗaga ya mayar, ya ɗaga ya mayar. Ya tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kyauren can. Tsakuwa ce ta shiga ƙarƙashin ƙafarsa. A ba ni izini in taɓa?"

Sarki ya ce, "An ba ka."

Ya je ya durƙusa, ya ɗaga kyauren da kafaɗa, ya zaro tsakuwar, ya tura. Kyaure ya rufe shiru. Kafin fadawa su gama yi masa kirari ya riga ya fice, don akwai rijiyar da ya bari rabi a unguwar yamma.

Masu ba da labari sun ce shuɗin nan ya yi wata biyu bai fita daga hannunsa ba, ganuwar kuwa ta ga jikokin Sarki Arzika. Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan, na kuwa sauke muku shi yadda na ɗauko.