Manomin da Ya Kashe Jatau

Akwai wani manomi mai gonar gyaɗa, wanda Allah ya ba shi baiwar ba da labari. In an gama girbi, maƙwabta sukan taru a ƙofar gidansa da la'asar su taya shi ɓarar gyaɗa, shi kuwa yana ba su labari, yau ya yanke, gobe ya ɗora.

A cikin labarin akwai wani Jatau, wanda manomin ya ƙago da kansa. Mashayi ne, ga baƙar magana, ba ya shiga taro sai an watse da faɗa. Amma kullum manomin sai ya samo masa mafita. Jatau ya faɗa rijiya, a ciro shi. Ya ƙone rumbun wansa, a yafe masa. Manomin kam yana ƙaunar Jatau, har muryarsa takan yi laushi in ya zo kansa. Mutane kuwa da sun ji sunan sai tsaki.

Wata rana Tabita, matar maƙwabcinsa, ta ture kwandonta ta ce, "Baba, mun gaji da Jatau ɗin nan naka. Ko ka kashe shi, ko ka ɓare gyaɗarka kai kaɗai."

Ya ce, "Ku yi haƙuri, 'yata, ban kai ƙarshensa ba tukuna."

Kashegari rabin mutanen ba su zo ba. Kafin mako ya zagayo, mutum huɗu suka rage. Ɗayansu Nomau ne, wani mutumin da ba wanda yake shiri da shi a ƙauyen saboda halinsa. Can gefe yake zama, yana ɓara, ba ya cewa uffan.

Manomin ya dubi tulin gyaɗa, ya dubi yatsunsa duk sun tsattsage. Ya gaji, gajiya ta gaske. Sai ya aika a faɗa wa kowa cewa yau Jatau zai mutu. Ƙofar gida ta cika maƙil. Ya sa kogi ya tafi da Jatau, aka yi ta tafi, cikin kwana biyu gyaɗa ta ƙare.

Nomau dai bai ƙara zuwa ba. Ran kasuwa manomin ya gamu da shi a bakin hanya, ɗauke da ƙunshin kayansa, zai bar garin. Ya tambaye shi dalili.

Nomau ya ce, "Ni don Jatau nake zuwa. So nake in ga ko irinmu ma muna da ƙarshe mai kyau. To, na gani."

Ya wuce. Manomin ya bi shi da kallo cikin nadama, domin tun farko ya shirya cewa Jatau zai tuba, ya gina wa wansa sabon rumbu. Bai kai ga faɗa ba ne kawai.

Ma'anar misalin nan ita ce: Jatau shi ne ɗan'uwan nan da kowa ya gaji da shi a cikin ikilisiyar nan tamu. Kun san shi, ba sai na kira suna ba. Kullum kuna zuwa kuna ce mini a cire shi, ya ishe mu. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, ya ishe ni, sau da yawa na kusa yin abin da manomin ya yi don in huta. Amma Ubangiji, wanda ya fara labarin kowannenmu, bai gaji da shi ba, bai kuwa kai ƙarshe ba. Ku kuma tuna akwai wani a bencin baya, ba ya magana, yana kallon yadda za mu yi da Jatau don ya san yadda za a yi da shi. Ranar da muka kori ɗaya, biyu ne za su fita.