Geron Inna Ladidi

Ku matso, ba na maimaita magana.

A Kano akwai wata tsohuwa, Inna Ladidi. Tana da ƙane, Ilu, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Tun yana saurayi ya kora shanu a ƙafa zuwa Ikko, ya yi wata da watanni a hanya, ya zauna can. Da tsufa ya zo kunnensa ya toshe, waya ta daina amfani, labarinsa ya yanke.

Inna tana da jikoki uku: Sallau, Asabe da Cindo.

Sallau direban babbar mota ne. Duk zuwansa Ikko sai ya zaga kasuwar shanu yana cigiyar Ilu. Ran nan wani mahauci ya kai shi asibiti. Ga Ilu kwance, ya ƙi abinci, ya ƙi a yi masa aiki. Ya ce shi ba mai yanka cikinsa sai ya sha kunu daga hannun yayarsa. Likita ya ce in aka ƙara jinkiri, sai dai haƙuri. Sallau ya aiko gida, ya zauna jinya.

Bayan Inna ba ya ɗaukar zaman mota. Aka ce jirgi. Ta ce, "Tafiyar da ta cinye wa Ilu takalma, ita zan yi da waɗannan gwiwoyin? Ko a sama ne, nisa dai nisa ne." Dattawan unguwa suka yi ta lallashi, ta juya musu baya. Asabe ba ta yi musu da ita ba. Da asuba ta ɗebo gero ta ajiye mata, ta ce, "Tsohuwa, jiƙa da hannunki. A Ikko za ki dama shi. In ya yi tsami kafin ki isa, kada ki sake yarda da maganata." Inna ta harare ta, ta ce, "Ja'ira." Amma ta jiƙa, ta tsame, ta ɗaure a ƙwarya, ta nemi mayafinta.

Cindo ne ya raka ta. A gindin matakalar jirgi ta ɗaga kai ta ga girman abin, ta ji rugugin inji, ta ja ta tsaya. Ta ce a mai da ita gida. Ma'aikata suna cewa za a rufe ƙofa. Cindo ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Amarya, hau. Ke kin goya Ilu, yau angonki zai goya ki." Ya hau da ita a baya, ƙwarya a hannu, mutane suna dariya. Har suka sauka bai saki hannunta ba.

Kafin azahar tana Ikko. Ta buɗe ƙwarya ta sansana, gero lafiya lau. Ta ce, "Ashe nan da nan ne." Aka niƙa, ta dama. Ilu ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya karɓa ya shanye. Ya ce tsamiya ta yi kaɗan. Ta dungure masa kai. Da ya yi ƙarfi aka yi aikin, ya tashi.

Da Ilu ya warke, ya fito da sandarsa ta kiwo, wadda ya taka da ita tun daga Kano. Ba shi da ɗa. Ya ce a ba jikan da ya ceci ransa. Sanda kuwa ɗaya ce.

To, ga Sallau, ga Asabe, ga Cindo. Hannun wa za ku danƙa wa sandar?